Firinsifal, ka san irin shugabancin da kake yi kuwa? Ga yadda za ka auna kanka

Da yawan shugabannin makarantunmu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu shugabanci. Malami ne yana koyar da lissafi ko Hausa shekara da shekaru, ya zama siniya masta, ya zama mataimaki, wata rana kawai takarda ta fito daga ma'aikatar ilimi an tura shi wata makaranta a matsayin firinsifal, shikenan an miƙa masa makullin ofis da hatimi da littafin sa hannu da malamai arba'in kowa da halinsa. To ya zai yi? Sai ya kwaikwayi firinsifal ɗin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, in kuma ya sha wuya a hannun wancan sai ya yi kishiyar duk abin da ya ga yana yi. In ka tambaye shi wane irin shugabanci yake yi zai ce maka shi mutum ne mai shawara, ofishinsa kowa shiga yake. Kusan kowa haka yake cewa, kuma wallahi ba ƙarya yake ba, haka yake ganin kansa. Amma ka leƙa sitaf rum ka ji abin da ake faɗa in ba ya nan, sau da yawa sai ka rantse mutum biyu ake magana a kai.

Ina cewa "kai" ne don sauƙin rubutu, amma Hajiya firinsifal da ke nake, haka hedimasta na firamare da mai makarantar kuɗi da shugaban Islamiyya.

Abin ba ƙarami ba ne. Kenneth Leithwood da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi kan makarantu suka fitar da rahoto a 2004, suka ce a cikin duk abubuwan da ke cikin makaranta masu tasiri kan karatun yaro, koyarwar malami a aji ce ta ɗaya, shugabanci ne na biyu. Mu kuma tun kafin wannan mun san hadisin da ke cewa dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ga maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Yara ɗari bakwai ko dubu biyu amana ce mai nauyi, bai kamata mutum ya riƙe ta da zato ba.

Salon da ake magana a kai

Ba sai ka haddace sunaye ba, amma ka san manyan. A 1939 Kurt Lewin da Ronald Lippitt da Ralph White suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka. Sun raba yara maza 'yan wajen shekara 10 rukuni-rukuni suna aikin hannu, kowane rukuni da babba mai jagorantarsa. Wani jagoran sai abin da ya ce, shi ke raba aiki shi ke yanke komai. Wani kuma ana zama a tattauna a yanke tare yana ciki yana taimakawa. Na uku ɗan ko oho ne, ya ba su kaya ya koma gefe sai in an tambaye shi. Yaran mai sai abin da na ce suna aiki sosai matuƙar yana tsaye a kansu, da ya fita daga ɗakin aiki ya lafa, kuma wasu rukunin faɗa ya yi yawa a tsakaninsu wasu kuma suka zama kamar an zare musu laka. Yaran mai shawara ko ya fita suna ci gaba da abinsu. Na ɗan ko oho su ne suka fi kowa rashin abin kirki. Ka riƙe wannan batu na fita daga ɗaki, za mu yi amfani da shi.

Daga baya a 1978 James MacGregor Burns ya raba shugabanci gida biyu, akwai na ba ni gishiri in ba ka manda, wato ka zo da wuri in yaba maka ka makara in ja maka jan layi in ba ka kweri, akwai kuma wanda yake sauya wa mutane tunani har su ɗauki aikin nasu ne. Sai kuma salon da ya keɓanta da makaranta, firinsifal mai bin karatu, wanda hankalinsa na kan abin da ake koyarwa a aji da yadda ake koyar da shi. Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da ke Niyuzilan ita da abokanta sun kwatanta waɗannan biyun na ƙarshe a 2008, suka samu tasirin mai bin karatu kan sakamakon ɗalibai ya ninka na mai sauya tunani sau uku zuwa huɗu, kuma abin da ya fi komai ƙarfi shi ne shugaba ya shirya wa malamansa ƙarin ilimi kuma shi ma ya zauna a ciki ana koyo da shi.

Ba wanda yake salo ɗaya zalla, kowa gauraye ne, amma akwai wanda ya fi rinjaye a kanka musamman ranar da ranka ya ɓaci ko aiki ya cakuɗe, shi muke nema.

Fara da shaida, kar ka fara da tambayar zuciyarka

Nan ne mutane ke kuskure. Su samo fom a intanet mai tambaya irin "kana son jin ra'ayin wasu?" su yi ta buga e, a ƙarshe fom ya ce musu su masu shawara ne. Wa zai ce ba ya son jin ra'ayi? Abin da ka aikata shi za ka duba.

Samu ƙaramin littafi ka sa a aljihu, sati biyu cur, duk bayan awa ɗaya ka rubuta layi ɗaya na abin da ka yi. Takwas zuwa tara bakin get ina tare 'yan latti, tara zuwa goma wani uba ya zo kan maganar canjin makaranta, goma zuwa sha biyu zonal ofis, haka dai. Kar ka gyara halinka don kana rubutawa, kuma kar ka zaɓi satin jarrabawa. In sati biyun sun cika ka zauna ka tara awannin kashi-kashi, na takardu da ofis, na baƙi da iyaye, na horo da sasanta rigima, na kuɗi da gyare-gyare, sai na karatu, wato zama a aji da duba lesin not da tattaunawa da malami kan darasinsa. Leƙawa ta taga ka wuce ba ya cikin lissafin karatu. Da yawa in suka yi wannan za su tarar kashin karatu ne mafi ƙanƙanta, wani ma bai kai awa biyu ba a sati biyu, alhali makarantar don shi aka gina ta.

Sai ka ɗauko hukunci goma na ƙarshe da aka yanke a makarantar. Rabon azuzuwa da taimtebul, zaɓen hedboi da firifet, wa aka tura wokshop, dakatar da wani ɗalibi, kuɗin da aka ce yara su kawo, wa aka sa a kwamitin jarrabawa, me aka yi da kuɗin PTA. Kowanne ka rubuta a gabansa, wa na tambaya kafin in yanke, kuma maganarsa ta canza wani abu ko kuwa? Wannan tambaya ta biyun ita ce mai zafi, domin akwai shawarar da ba shawara ba ce, ka riga ka gama yanke abu a ranka ko kai da mutum biyu 'yan gaban goshi a ofis, sannan ka kira miting ka ce to jama'a me kuka gani, kowa ya san an gama sai a ce Yallaɓai ai yadda ka ce ya yi. Wannan sai abin da na ce ne aka sa masa riga, kuma malamai sun fi jin haushinsa a kan wanda ya fito fili ya ce umarni ne, saboda an ɓata musu lokaci an kuma raina musu hankali. In cikin goman ba ko ɗaya da maganar wani ta juya ka, ka samu amsa tun kafin ka cika wani fom.

Littafin minit na miting ma shaida ne. Buɗe na zangon da ya wuce ka ƙirga sau nawa aka rubuta "firinsifal ya ce", sau nawa sunan wani ya fito, kuma su wa da wa. Malamai mata suna magana? Sababbin ɗauka fa? In sunaye uku ne ke ta maimaituwa to ka san da su kaɗai kake mulki.

Yanzu sai fom

Akwai na masana, kamar MLQ na Bernard Bass da Bruce Avolio, da PIMRS na Philip Hallinger wanda aka yi musamman don shugabannin makaranta. A Turance suke kuma MLQ sai an saya, amma hikimar da ke cikinsu ita za ka ɗauka, dukkansu suna da kwafin da shugaba ke cikawa da kwafin da na ƙasa da shi ke cikawa a kansa, sai a haɗa a gani. Kai ma za ka iya rubuta naka. Maki 1 zuwa 5, 1 sam ba na yi, 3 wani lokaci, 5 kullum. Ga irin jimlolin:

1. Ina yanke abin da ya shafi malamai kafin su ji labari.
2. Malami na iya ce min bai yarda ba a gaban mutane kuma ba abin da zai biyo baya.
3. Nakan sauya shawara saboda maganar wani malami.
4. In malamai biyu sun samu saɓani nakan ƙyale har abin ya mutu da kansa.
5. Nakan zauna a aji daga farkon darasi har ƙarshe, bayan nan in zauna da malamin mu tattauna.
6. Malami na jin kirana don yabo, ba sai ya yi laifi ba.
7. In na ba mutum aiki nakan koma in ga inda ya kai.
8. Mutanen da nake sawa a abin da ke da alawus su ne dai kullum.
9. Abin da na hana malamai, kamar latti da amsa waya a aji, ni ma ba na yi.
10. Malamai sun san abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Ka ƙara naka gwargwadon makarantarka, in ta kwana ce ka sa maganar abinci da zagayen dare. Kowace jimla ka ba kanka maki sannan ka rubuta misali ɗaya na zangon nan a gefe. In ka ba kanka 4 a lamba 5 amma ka kasa tuna ajin da ka zauna na ƙarshe, rage makin.

Ba wa malamai su cika, nan ne aikin yake

Ka juya jimlolin su koma "firinsifal yana...", ka raba. Amma fa ka san mutanenmu, akwai kunya akwai girmama na gaba akwai kuma tsoro na gaske, malami ya san kai ke cika masa fom ɗin ƙarin girma kuma kana iya sa a jefa shi wani ƙauye mai nisa, ba zai yi wasa da abincinsa ba don kai kana son sanin kanka. In ka miƙa masa takarda kana tsaye 5 zai jera maka. Don haka ba suna, ba rubutun hannu tunda ka san rubutun kowa, alama kawai za a yi, a yi amfani da biro iri ɗaya, a jefa a kwali, kai kuma ka bar harabar gaba ɗaya. Wanda zai tattara ya zama mutumin da malamai suka yarda da shi, ba wanda aka sani da kai maka rahoto ba, shi zai haɗa makin ya ba ka matsakaici kawai ya ƙona takardun. In malamanka na da manyan wayoyi Google Forms ma ya yi, a tura ta gurup ɗin WhatsApp, a tabbatar ba ya karɓar imel ɗin kowa. In malaman ba su fi biyar ko shida ba ɓoye suna ba zai yiwu sosai ba, gara ka roƙi wani firinsifal abokinka daga wata makaranta ya zo ya zauna da su ya kawo maka a dunƙule.

Kar ka tsaya kan malamai masu digiri. Masinja da maigadi da akawu da 'yan bautar ƙasa sun san halinka fiye da yadda kake zato, yadda kake yi wa maigadi magana in ba kowa a wurin ya fi nuna kai waye a kan jawabinka na asambuli. Wanda ba ya karatu a karanta masa. Shugaban PTA da na SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su ma ka ba su waɗanda suka shafe su.

Abu ɗaya da zan roƙe ka don Allah, in sakamako ya fito kar ka fara binciken wa ya ba ni 1. Ranar da ka yi haka ka kashe abin har abada, ba a makarantarka kaɗai ba, duk inda waɗannan malaman suka je ba za su ƙara faɗa wa shugaba gaskiya ba.

Sai gwajin fita daga ɗaki da na ce ka riƙe. Ranar da ka tafi ma'aikata ko taron ANCOPSS, ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare, me ke faruwa? Ba leƙen asiri za ka sa a yi ba, littattafai za su gaya maka, duba littafin sa hannu na ranar da rijistar darasi ta azuzuwa ka kwatanta da ranar da kake nan. In da ka fita get rabin malamai ke bin bayanka yara su cika fili, tsoronka ake ji ba aikin aka riƙe ba. In kuma wayarka ba ta hutawa ana tambayarka ko a buɗe sito a ɗauko alli, ka tattare komai a hannunka har mataimakanka sun zama 'yan kallo. In kuwa kana nan da ba ka nan duk ɗaya ne ba a karatu, wannan ko oho ne.

Karanta sakamako

Jera makinka kusa da na malamai. Inda kuka yi daidai ba damuwa ko da makin ƙasa ne, ka riga ka sani. Inda tazara ta kai maki biyu nan za ka tsaya. Lamba 1 a sama, 2 da 3 a ƙasa, kai mai sai abin da na ce ne. Lamba 4 a sama 7 a ƙasa, ko oho ne, kuma wannan shi ya fi ɓuya domin mai yin sa yana kiransa haƙuri ko kawaici ko "na yarda da mutanena". Ni a ganina ya fi kama-karya illa a makaranta, saboda malamin kirki yana kallo wanda ba ya shiga aji ba a ce masa komai, a hankali shi ma ya saki, kuma yaran talakawa ne ke biya ranar WAEC da NECO. In 6 ta yi ƙasa to cinikin naka ɓangare ɗaya ne, manda kawai kake karɓa ba ka ba da gishiri. Lamba 8 kuwa in ta hau, duk wani abin kirki da kake yi ba za a gani ba.

Kada kuma ka ɗauka shawara ce daidai a ko'ina. Satar amsa, malamin da ake zargi da neman ɗaliba, labarin tsaro da ya sa dole a sallami yara yanzu-yanzu, ba a kiran miting a kan waɗannan, ka yanke ka ɗauki nauyin. Paul Hersey da Ken Blanchard tun 1969 suka kawo cewa salo na bin wanda kake jagoranta ne, sabon malami da ya fito daga kwalejin ilimi jiya yana buƙatar ka nuna masa dalla-dalla ka kuma bibiye shi, malamar da ta shekara ashirin tana fitar da yara a kimiyya kuwa ka ba ta wuri ka tambaye ta me take buƙata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya abin, a sakar wa sabo aji shi kaɗai ya yi ta lalube, a kuma dami tsohuwar da duba jan biro. Don haka ka ƙara wa kanka tambaya, salona na canzawa daga mutum zuwa mutum bisa ƙwarewarsa, ko bisa wanda nake jin nauyi da wanda na raina?

Na san firinsifal na gwamnati hannunsa a ɗaure yake ta wani wajen, ba shi ke ɗauka ba ba shi ke kora ba ba shi ke biyan albashi ba, ga malamin da ke da uwa a gindin murhu ka ba shi kweri a kira ka daga sama. Gaskiya ne. Amma duk jimloli goman nan ba wadda ke buƙatar izinin ma'aikata ko kobo ɗaya.

Abin da za ka yi da shi

Abu ɗaya tak za ka zaɓa a zango, wanda tazararsa ta fi girma, in kuma ka rasa na zaɓa ɗauki lamba 5. Ka mayar da shi abin da ake ƙirgawa, kamar zan zauna a darasi uku duk sati kuma in ga malamin a ranar na minti goma, in fara da abin da ya yi daidai sannan in kawo gyara ɗaya. Sa shi a taimtebul ɗinka kamar darasi, baƙo ya zo a wannan lokacin ya jira ko mataimaki ya gan shi. In lamba 3 ce, ɗauki abu guda na gaske kamar rabon azuzuwan zango mai zuwa ka miƙa wa shugabannin sashe, ka faɗa musu iyakokin tun farko, abin da suka kawo ka sa hannu ko da ba haka ka so ba.

A miting na gaba ka tashi ka gode musu, ka karanta matsakaicin makin yadda yake har wanda bai yi maka daɗi ba, ka faɗi abu ɗayan da ka zaɓa, kar ka kare kanka kar ka yi dogon bayani. Sati biyun ƙarshe na zangon kafin a shiga jarrabawa, a sake raba fom ɗin nan dai ba tare da an canza ko kalma ba, ka sake riƙe littafin aljihu na sati biyu, ka ajiye sakamakon biyu a fayil ɗaya da kwanan wata. Zango na gaba ka ba mataimakanka kwafi su ma su yi nasu, su ne za a miƙa wa makullin wata makarantar nan da 'yan shekaru.